Masu zane ku taimaka don Allah: wainar ƙwai a sama ta ƙi yin kamar cilla ta aka yi

Ɗan_Bukoki

Salamu alaikum jama'ar gida, an wuni lahiya, ya zahi. Ni yaron shago ne, ina koyon aikin fenti da rubutun allo nan Yamai wajen Bukoki, maigidana ya tahi Maraɗi gaisuwar rasuwa sai ga aiki ya shigo. Wani mai shayi ne na unguwarmu ke son allon langa-langa da za a kafa bisa teburinshi, ya ce shi dai ba ya son irin wanda kowa ke yi, kofi da burodi da gwangwanin madara an jera su, yana son a zana shi da kasko a hannu ya cilla wainar ƙwai sama tana juyawa, yadda yake yi in mutane sun taru da sahe yana son ya burge.

Rubutu ba matsala, kasko ma ya fito, hannu dai haka-haka. Wainar ce ta ƙi. Na zana da alli bisa allon, na kuma gwada da launi a takarda, duk wanda na nuna ma sai ya ce wata ne ya fito bisa kan mutum, ba wanda ya ce cilla ta aka yi. A zagaye take, rawaya, da ɗan albasa da tattasai, kuma na sa mata inuwa a gefe yadda muke sa ma haruffa don ta taso. Allon faɗinshi mita 1 da santimita 20, tsayi santimita 80, fentin mai ne na riga na sawo kasuwar Katako. Mutumin ya ba da rabin kuɗi kuma ran Asabar na ce mishi. Mi ya rage don Allah, layuka zan ja a bayanta ko yaya ake yi?

Mushe_Fizik

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ba mai zane ba ne, fizik nake koyarwa a lise, amma wannan tambayar ta shigo ajina don haka bari in sa baki.

Duk abin da aka cilla sama, muddin yana da ɗan nauyi, hanya ɗaya yake bi. Yana tashi da sauri, saurin na raguwa har ya ƙare a ƙololuwa, sannan ya juyo yana ƙara gudu, saboda ƙasa na janyo shi tana ƙara mishi kusan mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. In an cilla shi gefe ne hanyar sai ta zama lanƙwasa, wadda muke ce ma farabol a aji, Galileo na Italiya ne ya bayyana ta a 1638. Je ka tsaya inda ake sauke kankana daga mota, wanda ke sama yana cillo ma na ƙasa, za ka gan ta ɓaro-ɓaro. Ta waina kuwa ƴar siririya ce, don inda ta tashi nan za ta dawo.

Ga lissafin da zai yi maka amfani. In wainar ta tashi santimita 50 bisa kasko, hawanta sakan 0.32 ne, saukarta ma haka, duka tafiyar ba ta kai kashi biyu cikin uku na sakan ba. Kuma rabin wannan lokacin gaba ɗaya a can sama take cinye shi, cikin santimita 12 da rabi na ƙarshe. Shi ya sa in ka rufe ido ka tuno mai shayin yana juya waina, a sama kake ganinta, ba a tsakiyar hanya ba, ido bai samun damar kama ta a ƙasa. Don haka inda ka aje ta daidai ne. Matsalar yadda take kwance ce.

Ka yi tunani, mi ya sa yake cilla ta? Don ta kife, fuskar da ke sama ta koma ƙasa. Rabin juyi ke nan tsakanin tashi da sauka. To in rabin juyi za ta yi a duka tafiyar, a ƙololuwa ta yi rabin rabin, watau a tsaye take ko kusa da haka, ba a shimfiɗe ba. Tsakiyarta ce ke bin hanyar da na faɗa, sauran jikin yana juyawa kewaye da tsakiyar. Kai kuma ka zana ta da'ira cikakka tana kallonmu kamar ba abin da ke faruwa da ita. Karkata ta, ta zama doguwar da'ira mai kama da ƙwai, a ga fuska ɗaya da yawa, ɗayar kaɗan.

In kuma za ka sa gutsattsarin albasa ko ɗigon mai suna faɗowa, kar ka jera su da tazara ɗaya. Daga sama zuwa ƙasa tazarar tana tafiya ne 1, 3, 5, 7, na kusa da ƙololuwa a matse, na ƙasa a warwatse. Ko mutum bai taɓa shiga lakwal ba idonshi ya san wannan tsarin.

Baba_Ader

Sannu ɗana, Allah shi yi ma sana'a albarka. Mushe ya yi bayani kuma gaskiya yaf faɗi, amma ni ban iya lissahi ba, abin da hannu yas sani shi nika faɗa ma, na daɗe ina allon masu gyaran moto da masu aski da masu tuwo nan Tawa.

Inuwar nan da kas sa mata ita ta kashe ka. Mi ad dalilin da muka sa ma haruffa inuwa a gehe? Don su yi kamar an yanko su an manna ga allo. To ka sa ma waina irin ta, ka ce ma ido ke nan wagga aba manne take ga bango. Goge ta sarai. Abin da ke sama inuwarshi ba ta taɓa shi, can ƙasa taka faɗuwa, cikin kaskon ko bisa tebur, ƴar ƙarama, ba baƙa ƙirin ba. Tsakanin abu da inuwarshi nan tsayi yake. Ko ba ka yi komi ba bayan wannan za ka ga ta taso.

Na biyu, kuma wanga shi ne babba, ka bar wahala da wainar ka koma ga mutumin. Hoto ba ya motsi, mai kallo ne ke motsa shi cikin kainai, kuma ba zai motsa ba sai ya ga wanda yay yi jihwa. Ka ce hannu haka-haka, to nan aikin yake. Kaskon kar shi kwanta daidai kamar yana bisa wuta, bakinshi na gaba shi ɗaga sama, wuyan hannu a karye, gwiwar hannu ta ɗan rabu da jiki, kahwaɗa guda ta hi guda tashi. Kuma cikin kaskon wayam, sai ɗan ƙyallin mai. Kasko wayam a ƙasa da waina a sama, ko yaro ya san daga ina ta hito kuma ina za ta. Sannan ido. In ka zana shi yana kallonmu yana murmushi awa mai ɗaukar hoton katin zaɓe, ka raba shi da wainar, ba ruwanshi da ita. Shi ɗaga haɓa, idonshi bisa gare ta. Duk inda mutumin cikin allo ke kallo nan mai wucewa ke kallo.

Ka kula kuma kar gehenta shi taɓa komi. Kar ta taɓa hular mutumin, kar ta taɓa ƙasan rubutu, kar ta taɓa bakin allo. Ko da yatsa guda ta shahi harahi, an gama, ta koma rataye. Ka bar mata hili kewaye, na ƙasa shi hi yawa.

Mu nan Tawa muna da abin alfahari kan wagga harka, marigayi Moustapha Alassane da yaz zamna garinmu har yar rasu a 2015. Tun wajen 1965 yake zane mai motsi, kwaɗi yaka zanawa suna mulki suna hawa jirgi, ya yi koyo Kanada wurin wani gwanin zane mai motsi, Norman McLaren. In ka samu ayyukanshi bisa intanet ka duba, layi kaɗan ne ƙwarai, babu ado, amma ka san inda kowane ya nuhwa tun bai ɗaga ƙahwa ba. Yaran yanzu ku kuna son cika launi ne kahin a san mi ke hwaruwa cikin hoton.

Layukan nan na gudu da kake tambaya, ni ban sa su. Kayan littahin yara ne, a allon sana'a datti suke zama in ƙura ta hau.

AbuHafsat227

Ni dai tambayata daban ce. Abinci ni'ima ce, an hana mu wasa da shi tun muna yara, ko tuwo ya faɗi ɗauka ake yi. Yanzu a kafa allo bakin hanya ana cilla abinci sama, yara na wucewa lakwal suna gani, gobe wani ya gwada da masar uwarshi. Ba na ce haramun ba ne amma mi zai hana a zana shi cikin faranti da mutunci.

Hajiya_Zane

Malam AbuHafsat Allah ya ba da lada, niyya mai kyau ce, amma ai ba jifan juna ake da shi ba, suya ce. In haka ne sai a hana mata bakace, ai kullum hatsi sama yake tashi bisa faifai ya dawo. Wulaƙanci shi ne a zubar. Abin da na yarda da kai, kar a zana wani abu yana faɗuwa ƙasa ana takawa, a nuna cewa kasko na jiranta.

Ƙanena Ɗan_Bukoki, ni zanen labarai nake yi, na takarda da na tablet, ina Yantala. Da su Mushe da Baba sun gama maka rabin aiki, ga nawa.

Kafin komi ɗauki salula ka je wurin mai shayin gobe da sassafe ka saye omilet ɗaya, ka ce ya juya kana ɗauka. Bidiyo na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a sakan, da lissafin Mushe ka samu kusan hoto 19 na wainar tana sama, in wayarka na da mai tafiyar hawainiya irin 120 ko 240 a sakan to ka huta ma gaba ɗaya. Ka tsaya ta gefenshi ka ɗan karkato gaba, ba gaba da gaba ba, kuma kar hasken ya kasance bayanshi. Sai ka riƙa tsayarwa ɗaya bayan ɗaya kana ɗaukar hoton allon wayar. Wallahi za ka sha mamaki, abin da kake zato da abin da ke faruwa ba ɗaya ba ne. Ba yau aka fara ba, masu zane sun yi ɗaruruwan shekaru suna zana doki a guje da ƙafafu a baje gaba da baya, sai da wani mai ɗaukar hoto, Muybridge, ya jera kyamarori a Kaliforniya a 1878 aka ga cewa lokacin da duka ƙafafun huɗu suka bar ƙasa a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Abin da za ka gani a bidiyon shi ne waina ba faranti ba ce, laushi gare ta. Tana lanƙwashewa, gefen da ya fara barin kasko yana gaba, ɗayan yana biyo shi a makare yana ɗan naɗewa, bakinta kuma ba santsi, yana da ƴan tsage-tsage inda ƙwan ya bazu. Wannan lanƙwasar ita ce motsin. Kuma launi biyu gare ta, wannan kar ka manta, fuskar da ta sha kasko ta yi ja-ja da tabo-tabo mai duhu, ta sama rawaya ce mai haske da albasa da tattasai. In aka ga launin nan biyu a lokaci ɗaya, a inda ta lanƙwashe, an san juyawa take, ba sai ka rubuta ba.

Sai maganar layuka, nan ne zan saɓa ma Baba da girmamawa. Gaskiya ne in an cika su suna ɓata aiki, kuma yara masu koyo suna ja ne miƙaƙƙu guda biyar shida ta ko'ina kamar abin ya fashe. Amma layi biyu, iyaka uku, masu lanƙwasa, da suka taso daga bakin kasko suka bi hanyar da wainar ta bi, kauri daga wajen wainar suna sirancewa wajen kasko kuma ba su taɓa ko ɗaya ba, suna taimakawa sosai ga wanda ke bisa kabu-kabu zai ga allon cikin sakan ɗaya. In ba ka son layi zalla akwai dabara, ka mai da su tururi. Waina daga wuta take, tana barin tururi a bayanta, fari-fari mai kauri kaɗan, ka ja shi ya bi lanƙwasar. Ka samu layin gudu kuma ba wanda zai ce littafin yara ne, har ma ya sa mutum jin yunwa.

Kuma kowane abinci da tashinshi, kar ka ɗauki dabara ɗaya ka shafa ma duka. Na taɓa yin shafi na mata suna shiƙa, wannan ya koya mini da yawa, ƙwayar gero tana saukowa kusan miƙe daga ƙwarya zuwa ƙasa don nauyinta ya fi ƙarfin iska, ƙaiƙayi kuwa iska ke kwashe shi gefe yana bajewa yana dushewa, abu biyu daga ƙwarya ɗaya amma hanya biyu, kuma in ka karkatar da gefen zanen matar da ɗankwalinta wajen da ƙaiƙayin ya nufa sai iskar ta fito a hoton. Shayi in ana ɗaga shi daga buta zuwa kofi, igiyar ruwan tana da kauri a sama tana sirancewa ƙasa saboda gudun na ƙaruwa, masu zane da yawa suna yin ta da kauri ɗaya sai ta zama sanda. Kankana ba ta lanƙwasa ko kaɗan, ita nauyinta za ka nuna a jikin mai caɓewa, gwiwa a durƙushe hannu biyu a buɗe.

Mushe_Fizik

Hajiya maganar shayin nan daidai ce, ruwan da ke wucewa ta kowane wuri a sakan ɗaya yawanshi ɗaya ne, in gudu ya ƙaru dole kauri ya ragu. Zan ɗauke ta in kai aji.

Ƙari ɗaya ƙanena, cikin hotunan da za ka tsayar ka zaɓi wanda ya ɗan wuce ƙololuwa ko wanda ya kusa kaiwa, ba tsakiyar cif ba. A tsakiyar cif daga gefe za ka iya samun ta ta zama siririn layi, ba wanda zai gane waina ce.

Ɗan_Bukoki

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Na je da safen nan na ɗauko bidiyon, mutumin har sau nawa yana maimaitawa don daɗi, kuma gaskiyar Hajiya ne naɗewa take kamar za ta rabe. Na goge inuwar na karkata ta, ƙanwata ta gani ta ce ƙwai ne ake juyawa ban gaya mata komi ba.

Sai dai wata sabuwa ta taso, yanzu ya ce yayanshi ya ba shi shawara kar a sa fuskar mutum a allon, hannu da kasko kawai. To maganar ido da Baba ya yi ta tafi ke nan. Kuma sunan wurin da lambar waya da jerin abin da yake saidawa duk yana son su shiga, tsayin santimita 80 ne kawai, in na ba wainar fili rubutu ya matse. Bangon allon kuma, watau launin da ke bayan zane, fari na yi niyya don shi ne fentin da ya fi yawa a shago.

Baba_Ader

Ba komi ɗana, da yawa haka suka so, na yi allo babu iyaka da hannu kaɗai. In babu ido, kasko ne idonka. Hannun shi shigo daga kusurwar ƙasa a karkace, tun daga gwiwar hannu, hannun riga a naɗe, marikin kasko da bakin kasko su nuna wajen wainar kai tsaye. Har ma ya hi sauƙi, kuma ka samu hili tun da kai da kahwaɗu sun hita, sai ka girmama kaskon da wainar.

Rubutu kar ka sa shi bisa kanta. Raba allon a tsaye, kashi guda cikin uku ko ɗan hi na zane daga sama har ƙasa babu harahi ko guda, sauran na rubutu. Ta haka duka santimita 80 ɗin nata ne, kasko can ƙasa, ita can sama, ka bar kamar tahin hannu tsakaninta da bakin allo. Jerin kaya ka ce mishi shi rage, wanda yaz zo teburin mai shayi ya san akwai shayi.

Hwari kam a'a. Rawaya bisa hwari ba ta hitowa, kuma ranar Yamai da ƙurar hunturu za su cinye ta kahin shekara ta kewayo, tururin Hajiya ma ina za shi hito bisa hwari. Sa shuɗi mai duhu ko kore mai duhu a gehen zanen, hwarin ka yi rubutu da shi. Langa-langar ka goge ta da takardar yashi ka ba ta jan fentin hana tsatsa tukun, shi bushe, sannan bango hannu biyu, watau ka shahe shi sau biyu. Wurin wainar ka shimhiɗa hwari a ƙasa kahin rawaya, in ba haka ba shuɗin zai hudo ta koma kore-kore, ba mai son ƙwai kore. Jan gehen da tabon suya su zo bayan rawayar ta sha iska, tururi shi ne na ƙarshe, buroshi kusan busasshe, hannu guda kar ka maimaita. Fentin mai bisa ƙarhe kowane hannu yana son kwana, ka lissaha da kanka ka gani ko Asabar za ta yiwu, in ba ta yiwuwa ka hwaɗa mishi tun yau.

Hajiya_Zane

Kafin ka buɗe gwangwani ko ɗaya, ɗauki hoton zanen allin da salula ka ƙanƙanta shi ya koma kamar tambarin WhatsApp, ko ka jingina allon ka tsallaka titi ka waiwayo. In daga can ana gane hannu, kasko, waina, ci gaba. In ba a ganewa kaskon ne ya yi ƙarami ko wainar ta yi siririya da yawa, ka ƙara buɗe fuskarta. Ka turo mana hoton allin nan tukun mu gani, musamman wuyan hannun.